Mary Ball Washington: Rayuwar Mahaifiyar Janar George Washington a Zamanin Mulkin Mallakar Ingila

Gabatarwa

A garin Fredericksburg da ke jihar Birjiniya ta ƙasar Amurka akwai wata doguwar hasumiyar dutse da aka kafa a wurin da aka binne wata tsohuwa. Abin da aka sassaƙa a gabanta bai wuce kalmomi kaɗan ba: Mary, mahaifiyar Washington. Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne, domin mu ma mukan ajiye sunan yanka na mace mu kira ta uwar wane, kuma girmamawa ce. Sai dai a fagen tarihi irin wannan girmamawa tana da tsada. Matar nan ta yi kimanin shekara 80 a duniya, 46 daga ciki ba ta da miji, tana riƙe da gandu da ƴaƴa biyar da bayi, amma kusan duk wanda ya ɗauki alƙalami a kanta tambaya ɗaya yake yi: shin ta kyautata wa George ko ta ƙuntata masa? Waɗanda suka ce ta kyautata suka mai da ita waliyya, waɗanda suka ce ta ƙuntata suka mai da ita mafaɗaciya mai mita. Wannan rubutu zai bi rayuwarta daga inda ita take tsaye, wato daga matsayin marainiya, sannan matar mamaci, a ƙarƙashin wata shari'a da ba ta bar wa mace abin riƙewa ba sai kaɗan.

Marainiya tun tana ƴar shekara uku

Birjiniya ta wancan zamani yanki ne na mulkin mallakar Ingila, wanda Turawa suka fara kafawa a Jamestown a shekarar 1607 a kan ƙasar mutanen da suka tarar a wurin. Arzikin yankin taba ce. Ana noma ta a manyan gandaye da ke bakin koguna, a ɗura ta a ganguna, jiragen ruwa su kwashe zuwa Landan da Bristol, su dawo da tufafi da tangaran da sauran kayan ƙawa, galibi a kan bashi. Masu noman kuwa bayi ne. Tun 1619 aka fara sauke mutanen Afirka a gaɓar Birjiniya, kuma a ƙarni na 18 kaso mai yawa na waɗanda aka kai can daga mashigin tekun Biyafara aka ɗebo su. A 1662 majalisar yankin ta kafa dokar da ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, idan baiwa ce shi ma bawa ne. Mai karatu ya riƙe wannan doka a zuciya, za mu sake haɗuwa da ita.

A cikin wannan duniya aka haifi Mary wajen shekarar 1708, a gundumar Lancaster, tsakanin kogin Rappahannock da kogin Potomac. Mahaifinta, Joseph Ball, dattijo ne mai gandu da muƙami, wanda matarsa ta fari ta mutu ta bar masa manyan ƴaƴa. Mahaifiyarta, Mary Johnson, bazawara ce mai ƴaƴa biyu, kuma ba ta fito daga gidan masu hali ba. Mary ita kaɗai suka haifa tare. A 1711 tsohon ya mutu, ya bar mata eka 400 na ƙasa, wato hekta 160 da ɗoriya, da bayi uku, yarinyar tana da kimanin shekara uku. Uwar ta sake aure da wani mai suna Richard Hewes, Mary ta zama agola a gidansa, shi ma ba a jima ba ya mutu. A 1721 uwar ta bi su. Ke nan kafin Mary ta wuce shekara 13 ta binne uba, ta binne mijin uwa, ta binne uwa.

Uwar ta yi wasiyya cewa wani lauya mai suna George Eskridge ya zama waliyyin yarinyar, kuma galibin marubuta suna ganin sunansa Mary ta sa wa ɗanta na fari. Ilminta bai yi nisa ba. Ta iya karatu, ta iya rubutu, amma wasiƙunta ƴan kaɗan da suka saura cike suke da kurakuran ƙa'idar rubutu, kuma marubutan baya sun sha yi musu dariya, kamar sun manta cewa ƴan mata ƙalilan ne aka koya wa riƙe alƙalami a Birjiniya ta 1720. Abin da ta ƙware a kai shi ne hawan doki, da tafiyar da gida, da karanta littattafan wa'azi na cocin Ingila.

Aure, da abin da shari'a ta tanada

A watan Maris na 1731 ta auri Augustine Washington, tana da shekara 22 ko 23, shi kuwa ya ba ta fiye da shekara goma. Matarsa ta fari, Jane Butler, ta mutu a 1729 ta bar ƴaƴa uku: Lawrence, da Augustine ƙarami, da Jane. Mutum ne mai neman na kansa, yana noman taba, yana sayen filaye, yana kuma da hannun jari a wata ma'aikatar narka ƙarfe a Accokeek, abin da ke sa shi yawan tafiya har Ingila. A gidan Mary ta tarar da wani littafin wa'azi na alƙali Matthew Hale ɗauke da sunan marigayiyar a shafin farko. Ba ta goge sunan ba. Ta rubuta nata a ƙarƙashinsa, ta ci gaba da karanta littafin, tana kuma karanta wa ƴaƴanta.

Ranar 22 ga Fabrairu 1732 ta haifi George a gidansu na Popes Creek. Ɗalibin da ya ci karo da 11 ga Fabrairu a wasu takardu kada ya ruɗe: Ingila da yankunanta sun sauya kalanda a 1752, aka tsallake kwana 11. Bayan George sai Betty, da Samuel, da John Augustine, da Charles, da Mildred, haihuwa shida cikin shekara takwas. A 1738 iyalin suka koma wata gona a bakin kogin Rappahannock, tsallaken Fredericksburg, wadda daga baya aka riƙa kira Ferry Farm, wato gonar fito, saboda mafitar kwalekwale da ke kusa da ita. A nan autarta Mildred ta mutu a 1740 tana da wata 16. A nan kuma, ranar 12 ga Afrilu 1743, Augustine ya mutu yana da shekara 48. George yana da shekara 11, Charles bai cika biyar ba, ita kuwa Mary tana wajen 35.

Wasiyyar Augustine ita ce mabuɗin fahimtar sauran rayuwar matarsa, don haka ya kamata a tsaya a kanta. Mafi kyawun dukiya ta tafi ga ƴaƴan matar fari. Lawrence ya sami gandun bakin Potomac wanda ya raɗa wa suna Mount Vernon, da hannun jarin ƙarfe. Augustine ƙarami ya sami Popes Creek. George ya sami gonar fito da bayi goma, amma sai ya cika shekara 21, ƙannensa maza kuma aka yanka musu wasu filaye. An ba Mary riƙon rabon ƴaƴanta har su girma, tare da sharaɗi: idan ta sake aure, dole sabon mijin ya ba da jinginar da za ta tabbatar dukiyar yaran ba za ta salwanta ba, in ya kasa, ƴaƴan mijinta manya su karɓe riƙon daga hannunta.

Wanda ya tashi a ƙarƙashin shari'ar Musulunci, inda dukiyar mace tata ce ko da aure ko babu, sai ya yi ƙoƙari kafin ya gane nauyin wannan sharaɗi. A shari'ar Ingila ta lokacin, da zarar mace ta yi aure, miji ya haɗiye matsayinta a gaban alƙali. Kuɗinta da dabbobinta sun zama nasa, amfanin gonarta shi ke ci, ba ta ƙulla ciniki ko ta kai ƙara da sunanta. Mace biyu ce kawai ke da iko da abin hannunta: wadda ba ta taɓa aure ba, da wadda mijinta ya mutu. Duk da haka al'adar Birjiniya ita ce bazawara mai abin hannu ba ta daɗewa. Mahaifiyar Mary aure uku ta yi. Surukarta ma, Martha Custis, mijinta ya mutu a Yulin 1757, zuwa Janairun 1759 ta auri George, kuma da wannan aure ne ragamar ɗimbin dukiyarta ta koma hannunsa, ya shiga sahun manyan masu gandu na yankin.

Mary ba ta sake aure ba har ta mutu. A ganina wannan shi ne babban hukuncin da ta yanke a rayuwarta, kuma sauran abubuwan da ake zarginta da su rassansa ne. Ta ga yadda gida ke watsewa idan maigida ya faɗi, ta ɗanɗana zaman agola, ta san abin da ke samun rabon maraya a hannun mijin uwa. Sai ta zaɓi ta riƙe ragamar da kanta. Farashin da ta biya shi ne ƙunci, domin kuɗin ƙarfe da na manyan gandaye sun bi ƴan uba, ita an bar ta da gonar da ƙasarta ba ta da ƙarfi. Yayyen George biyu a makarantar Appleby ta Ingila suka yi karatu, shi bai samu zuwa ba, kuma wannan rashi ya tsaya masa a rai har tsufansa. A 1749 ya rubuta wa Lawrence cewa ba zai iya yin wata tafiya ba saboda dokinsa ya rame, babu isasshiyar masarar ba shi. Masu haƙar kayan tarihi da suka gano harsashin gidan a 2008 sun tono fasassun kwanukan tangaran masu ɗauke da alamar gam, shaidar cewa idan abu mai kyau ya fashe a gidan, liƙe shi ake yi a mayar kan kanta. Talaucin masu gandu ne dai, irin na wanda ke da bayi a gona amma yake fargabar faɗowa daga sahun manya. Su bayin, waɗanda guminsu ya riƙe gidan tsawon waɗannan shekaru, babu wanda ya rubuta irin ramar da suka yi a shekarar da doki ya rasa masara.

Teku da daji

A 1746, George yana da shekara 14, yayansa Lawrence da surukinsa William Fairfax suka shirya shigar da shi rundunar sojan ruwa ta Ingila. Lawrence ya taɓa yaƙi a ƙarƙashin Admiral Edward Vernon a Cartagena a 1741, har ya sa wa gandunsa sunan mutumin, kuma yana ganin teku ce hanyar ɗaukaka ga yaron da ba shi da babban gado. Mary ta yi ta jan ƙafa. Wani maƙwabcinsu, Robert Jackson, ya rubuta wa Lawrence yana kushe hujjojinta, yana cewa irin ƙananan dalilan nan ne na uwaye masu son ƴaƴa ba tunani. Ita kuwa sai ta nemi shawarar ɗan ubanta, Joseph Ball, da ke zaune kusa da Landan. Amsarsa ta watan Mayu 1747 ba ta da kwana-kwana: gara a kai yaron koyon liƙin kwanuka da a kai shi jirgi, domin ƙaramin ma'aikacin jirgi dukansa ake yi kamar kare, ƙarin girma kuma sai mai uwa a gindin murhu, George kuwa ba shi da kowa a can. Maganar teku ta mutu daga nan.

Marubutan ƙarni na 19 sun ɗauki wannan a matsayin ilhama, wai uwa ta tsare wa Amurka mai cetonta. Wasu na ƙarni na 20 suka ce son kai ne, tana so ta ɗaure yaro a gindinta. Duka biyun sun yi nisa da abin da ke gabanta. Mace ce mai ƴaƴa biyar da gona ɗaya, ana so a ɗauke babban ɗanta, wanda gonar ma tasa ce, a kai shi inda cuta da bulala da igiyar ruwa ke cin yara, a kan shawarar ɗan kishiya. Ta tambayi wanda ya san Ingila, ya gaya mata gaskiya. A shekarar da ta biyo baya ta bar George ya bi ayarin masu awon ƙasa zuwa bayan duwatsu, a 1749 ya zama safiyon gundumar Culpeper yana da shekara 17, ya fara samun kuɗin kansa yana sayen filaye.

Amma soja yana cikin jininsa. A 1754 ya jagoranci dakarun Birjiniya zuwa kwarin Ohio, Faransawa suka tilasta masa miƙa wuya a Fort Necessity. A 1755 ya yi shirin bin Janar Edward Braddock zuwa wannan dajin dai, sai ga mahaifiyarsa ta iso Mount Vernon a firgice don ta hana shi. Bai hanu ba. Yana sansani a bakin daji wasiƙarta ta same shi, tana neman ya samo mata man shanu da bara Bajamushe. Wannan wasiƙa ta zama abin ba'a a littattafai, wai ɗanta na fuskantar mutuwa ita tana zancen man shanu. Amma duk wanda ya taɓa karɓar saƙon tsohuwarsa yana bakin aiki a nesa ya san irin wannan saƙo, kuma ya san ba man shanun ne kaɗai ke cikinsa ba. George ya amsa da ladabi cewa babu ko ɗaya a inda suke.

Ranar 9 ga Yuli 1755 Faransawa da abokan ƙawancensu daga mutanen asalin ƙasar suka tarwatsa rundunar Braddock a bakin kogin Monongahela. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da suka shiga faɗan an kashe su ko an raunata su, Braddock kansa ya mutu bayan kwana huɗu. George ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa an harbe dawakai biyu a ƙarƙashinsa, harsashi huɗu sun huda rigarsa, amma ko ƙwarzane bai samu ba. Tsoron da ta ji bai zama na banza ba ke nan. Da ta sake roƙonsa kada ya koma, sai ya amsa mata a watan Agusta cewa in da hali zai kauce, amma idan jama'ar ƙasa suka ɗora masa shugabancin dakaru, ƙin karɓa abin kunya ne, kuma ya kamata kunyar ta fi damunta a kan tafiyarsa. A wannan wasiƙa ake ganin inda hanyarsu ta rabu. Shi yana auna rayuwa da suna da daraja, ita tana auna ta da wanda ya dawo gida da rai.

Gidan cikin gari da rigimar fansho

George ya cika shekara 21 a 1753, amma Mary ba ta miƙa masa gonar fito ba, shi ma bai kore ta ba, da yake Mount Vernon ya zo hannunsa bayan mutuwar Lawrence. Ta ci gaba da zama a can kusan shekara 20 bayan haka, tana zaga gona a keken doki tana ba da umurni. Sai a 1772, tana da shekara 60 da ƴan kai, ta yarda ta koma wani ƙaramin gida da George ya saya mata a cikin Fredericksburg, kusa da gidan ƴarta Betty da mijinta Fielding Lewis. A 1774 George ya sayar da gonar ga likita Hugh Mercer.

Shekara guda bayan haka yaƙin neman ƴancin kai ya ɓarke. A Yunin 1775 aka naɗa George babban kwamandan rundunar yankunan Amurka, kuma shekaru suka yi ta wucewa uwa ba ta sa ɗanta a ido ba. Yaƙin ya ci gidan ta ko'ina. Kuɗin takarda da gwamnatin juyin ta buga ya zube har ya kusa zama takardar banza, haraji ya yi nauyi, Fielding Lewis ya zuba dukiyarsa a ma'aikatar ƙera bindigogi ta garin ya mutu cikin bashi a ƙarshen 1781, ɗanta Samuel ma ya mutu a shekarar. Da sojojin Ingila suka kutsa cikin Birjiniya, sai da aka kwashe tsohuwar zuwa bayan duwatsu.

A farkon 1781 kakakin majalisar dokokin Birjiniya, Benjamin Harrison, ya rubuta wa George cewa wasu ƴan majalisa sun ji mahaifiyarsa na cikin matsi saboda haraji, suna shawarar a yanka mata fansho. Janar ɗin, wanda ya ƙi karɓar albashi tun farkon yaƙi don kada a ce kuɗi ya kawo shi, ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido. Ya amsa ranar 21 ga Maris yana lissafa abin da ya yi mata, ya ce babu ɗanta ko ɗaya da ba zai raba sisinsa na ƙarshe da ita ba idan da gaske tana cikin buƙata, ya roƙi a dakatar da maganar. Aka dakatar. A 1783 ya koka wa ƙanensa John Augustine cewa tana kai kukan rashi a duk taron da ta shiga, tana sa ana yi wa ƴaƴanta kallon marasa kula.

Wane ne mai gaskiya? Littafin lissafin George ya nuna yana ba ta kuɗi a kai a kai, don haka ba yunwa take ji ba. Amma tsohuwa mai shekara 70 da ɗoriya, wadda ta bar gonarta, surukin da take jingina da shi ya karye, masu kula da filayenta ba ta yarda da su ba, kuɗin da ke hannunta kuma yana narkewa kullum, ba sai tukunyarta ta bushe za ta ji tsoron talauci ba. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ita mutuncin ɗanta a idon majalisa bai dame ta ba kamar yadda ya dame shi, kuma a nan ta yi masa ba daidai ba. Shi kuma bai taɓa zama mace marar miji a Birjiniya ba.

Wasiƙar da ya aika mata a Fabrairun 1787 ita ce mafi tsauri. Ya haɗa da gini 15 na zinariya, ya ce iyakar abin da ke hannunsa ke nan, ya shawarce ta ta rufe gidanta, ta ba da hayar bayinta ban da namiji ɗaya da mace ɗaya, ta koma wurin ɗaya daga ƴaƴanta. Ya ce Mount Vernon a buɗe yake gare ta, sai dai gidan ya zama kamar masaukin matafiya, baƙi ba sa yankewa, za ta zama ko kullum cikin kwalliya, ko ta fito yadda take ya ji kunya, ko ta kulle kanta a ɗaki. Mai hankali ya san ma'anar irin wannan gayyata. Mary ta zauna a gidanta. Bayan wata biyu, da aka aiko masa cewa ita da Betty suna kwance rai a hannun Allah, ya hau doki cikin gaggawa zuwa Fredericksburg, hannunsa rataye saboda ciwon sanyin ƙashi, ana saura kwanaki ya tafi taron tsara kundin mulki a Filadalfiya.

Yadda alƙalami ya yi da ita

Hoton farko na Mary jikan Martha ne ya zana shi, George Washington Parke Custis, wanda ya girma a Mount Vernon. Shi ya kawo ta a matsayin uwa mai tsauri da tsoron Allah, ya kuma ruwaito wani ɗan'uwan George da ya ce yana yaro ya fi jin tsoronta a kan iyayensa. A kan wannan hoto aka gina tatsuniyoyi, har da cewa bayan nasarar Yorktown ta Oktoban 1781 ta shiga taron rawa a Fredericksburg tana dafe da hannun ɗanta, alhali wasiƙarta ta 1782 tana nuna baƙin cikin cewa ba ta gari lokacin da ya ratsa. A 1833 shugaba Andrew Jackson ya aza harsashin hasumiya a kabarinta, aikin ya tsaya, duwatsun suka yi shekara 60 a yashe, sai da ƙungiyoyin mata suka tara kuɗi aka gina wadda shugaba Grover Cleveland ya buɗe a 1894. Jami'ar da ke garin ma sunanta take ɗauke da shi.

A ƙarni na 20 iska ta juya. Douglas Southall Freeman da James Thomas Flexner, daga baya kuma Ron Chernow a 2010, suka karanta wasiƙun nan na man shanu da fansho suka fitar da mace mai son kai, marar godiya, wadda ba ta taɓa yabon ɗanta ba. Sun kafa hujja da cewa George yana buɗe wasiƙunsa gare ta da gaisuwar girmamawa mai sanyi, irin wadda ake yi wa babbar mace baƙuwa, alhali haka ƴaƴan manyan gida suke rubuta wa iyayensu a wancan ƙarni. Game da rashin yabo kuwa, Birjiniya ba ta san kunyar ɗan fari irin tamu ba, amma mai karatu Bahaushe, wanda ya ga uwar da ba ta kama sunan ɗanta na fari balle ta yabe shi a gaban mutane, zai yi jinkiri kafin ya auna ƙaunar uwa da yawan kirarin da take yi wa ɗa. Sai a 2019 Martha Saxton ta fitar da littafin da ya fara da maraicin Mary da dokokin gado, maimakon ya fara da George. Abin lura shi ne halayen da ake yaba wa janar ɗin, wato taurin kai, da tsantseni a kan kuɗi, da juriya, da ƙwarewa a kan doki, su ne dai ake zagin uwar da su.

Ciwon ajali da wasiyya

Ciwon daji na mama ne ya kama ta a shekarunta na ƙarshe. A watan Maris 1789 George ya zo ya yi mata sallama kafin ya tafi Niyok, inda aka rantsar da shi shugaban Amurka na farko ranar 30 ga Afrilu. Ba su sake ganawa ba. A watan Yuli Betty ta rubuta masa tana neman ya samo wani ganye da likitoci ke zaton zai sassauta ciwon, ta kuma gaya masa tsohuwar ba za ta natsu ba sai ta ga rubutun hannunsa, domin ta ji shi ma ya yi jinya mai tsanani. Ranar 25 ga Agusta 1789 ta cika. Labarin bai kai Niyok ba sai bayan mako guda, an riga an binne ta kusa da wani dutse a filin gidan Betty, inda ta saba zuwa ta zauna ita kaɗai ta yi addu'a.

Ta bar wasiyya mai kwanan watan 20 ga Mayu 1788, kuma George, wanda aka ce ba ta ƙauna, shi ta naɗa mai zartarwa. Ta ba shi filayenta na Accokeek, da mafi kyawun gadonta da labulensa, da bargo mai shuɗi da fari, da mafi kyawun madubinta, da wani yaro bawa wanda shi ma sunansa George. Ta ba Betty keken doki da doki guda. Ta ba Charles wani bawa mai suna Tom. Jikokinta ta raba musu cokulan azurfa, da tangaran, da tebur, da dawakai, da sauran mutanen gidan: Frederick ga wannan, Lydia ga wancan, Bet babba ga wani jikan a wani gari. Mutum shida ke nan da suka yi mata hidima a gida ɗaya, aka rarraba su gida shida a cikin jimloli ɗaya da gado da madubi. Bet ƙarama ta faɗa rabon jikarta Betty Carter, kuma bisa dokar nan ta 1662, wasiyyar ta haɗa da duk ƴaƴan da Bet za ta haifa nan gaba.